Inda Igiyoyin Jimrau Suke Kwana

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar bisashe ta Dakoro ta ƙofar gabas ya wuce Jimrau, ko ya lura ko bai lura ba. Shi ne tsohon nan mai guntun gemu da ke zaune a gindin bishiyar bedi, babban yatsan ƙafarsa riƙe da bakin kaba, tafukansa suna murza, idanunsa kuwa suna can suna kallon abin da bai shafe shi ba. Igiya yake tufkawa, kuma ita yake tufkawa tun kafin a zuba kwalta a hanyar Maraɗi.

A Korahane aka haife shi, gidan manoma. Tun yana ƙarami mahaifinsa ya sallama cewa ba za a samu manomi a jikinsa ba, don sai ana tsakar noma ya yar da hauya ya bi layin tururuwa, wai yana so ya ga inda suke kai hatsin. Shekarar da fari ya share musu awaki ya sauko Dakoro da hannuwansa kawai. Ya yi dako, ya yi ga-ruwa, sannan wani tsohon Buzu ya koya masa tufka, ya zauna a kanta. Nan ya auri Dela mai fura, mace mai saurin hannu da saurin baki, wadda har yau take cewa da ta san miji za ta aura mai tambayar dalilin tafasar ruwa, da ta ƙara tunani.

Cutar Jimrau ke nan, tambaya. Ya tambayi likitan bisashe don me ake yi wa saniya allura a wuya, mutum kuwa a ɗuwawu. Ya tambayi direbobin Najeriya wa yake rubuta musu maganganun da ke bayan motocinsu. Ba neman faɗa yake ba, so yake ya sani, kuma in aka ba shi amsa sai ya juya ta ya ga ko akwai wata tambayar a ƙarƙashi. 'Yan kasuwa suka sa masa Don-mi, yana kuma amsawa.

Abincinsa yana rataye ne da wata al'ada da kowa a kasuwar ya tashi ya tarar. Ba a sayar da dabba da igiyarta. Mai sayarwa yana komawa da tasa gida, domin albarkar garke a jikinta take, wanda ya bar ta ta bi baƙo ya ba da fiye da abin da aka biya shi. Haka kuma ba a kwance ta sai mai saye ya fara zura tasa a wuyan dabbar. Ko da ƙiftawar ido ba a barin rago da wuya tsirara tsakanin mutum biyu, don in ya zabura ya karye a wannan lokacin, ba wanda zai ce nasa ne. Saboda haka duk mai saye sai ya shigo da igiya a hannu, ga Jimrau kuwa a bakin ƙofa.

Babban mai cinikinsa shi ne Elhaji Mudathir, wani falken raguna daga Jibiya, can ƙetaren iyaka. Duk ran kasuwa sai ya tsaya gindin bedin, ya durƙusa su gaisa, ya miƙa goro, ya ɗauki dami guda ba tare da ya taya ba. Shi kuma Jimrau sai ya yi masa tambayar da ta fi kowace ci masa rai.

“Elhaji, wai igiyoyin ga nawa, ina suka kwana? Shekara da shekaru suna tahiya, ko guda ban taɓa ganin ta dawo ba.”

Elhaji ya yi dariya ya ce, “Suna nan lahiya lau, suna gaishe ka.” Ya saɓa daminsa ya shige.

Sai aka rufe iyaka daga can Najeriya, ba a gama wannan jimamin ba kuma korona ta zo aka rufe daga nan. Kasuwa ta koma kamar gidan da aka tashi. Makiyaya su koro raguna tun daga Tagriss, su wuni a rana, su koma da abinsu, don ba baƙon da zai taya. Aka hana musabaha, mutanen da suka saba ƙulla ciniki hannu cikin hannu suka koma yi wa juna ɗaga kai. Jimrau bai daina tufka ba, don hannunsa bai san wani abu ba. Igiya ta cika ɗaki, ta cika ƙarƙashin gado, har Dela ta ce in ya ƙara dami guda to ya nemi inda zai ajiye mata. Da ƙwaryar furarta suka ci a wannan shekarar, da akuyarta guda da aka sayar a wulaƙance. Ko a hakan sai da ya tare wani jandarma ya tambaye shi yadda sandar ƙarfen da ke bakin iyaka a Ɗan Isa take tare cutar da ido ba ya gani.

Da aka buɗe hanya wasu baƙin suka dawo, da yawa kuma jarinsu ya karye ba su dawo ba. Elhaji Mudathir ma bai zo ba. Labari ya iso cewa cutar ta kama shi, ya tashi, amma ta bar masa ƙirji ba ƙarfi, doguwar tafiya ta gagare shi. Ɗansa Taufiq ne yake riƙe da harkar, shi kuma ɗan zamani ne, komai nasa a waya.

Ana nan sai shugabannin 'yan bisashe na Dakoro da Maraɗi da Jibiya da Katsina suka haɗu a Maraɗi, don su ga yadda za su tashi tare tunda tare suka faɗi. Mainassara, sarkin dillalan Dakoro, shi ya je. Ya dawo da sabuwar hula da dogon bayani, ya tara mutane a gindin bedin Jimrau, don nan ne inuwa ta fi. Daga yanzu, in ji shi, fatake da yawa za su haɗa mota guda maimakon kowa ya ɗauko tasa. Likita zai duba dabba sau ɗaya a nan, ya maƙala mata lamba a kunne, can ma a yarda da dubawarsa. Mai saye ba sai ya zo ba, daga shagonsa zai ga rago a waya ya taya. Motar kuma ba za ta dawo wayam ba, za ta ɗauko dusa da masara. Har an kafa wani shingen ƙarfe mai gangare a bayan kasuwa, wanda zai kai dabba tsaye cikin mota.

Abin ya burge Jimrau ƙwarai. Ya je ya zagaya shingen, ya ƙwanƙwasa ƙarfen, ya hau gangaren ya sauko, ya tambayi ko rago ba zai ji jiri ba. Sai da ya gama duk wannan ya juyo.

“Sarki, to igiya hwa? A ina taka shigowa?”

Mainassara ya sosa ƙeya. “Don-mi, ai wanga tsari babu igiya. Daga hannun mai shi sai shinge, daga shinge sai kamiyo.”

Jimrau bai ƙara tambayar komai ba ranar, abin da ya sa Dela ta taɓa goshinsa ta ji ko zazzaɓi ne. Tsoro ne ya kama shi, tsoro na gaske. Cutar ta zo ta wuce ta bar shi da rai, ga shi maganin da aka haɗa don kowa ya farfaɗo shi ne zai tashe shi daga gindin bedi. Kuma ba wanda zai kama da laifi, don shi da kansa ya ga tsarin yana da kyau.

Ranar da za a fara ya tafi da daminsa kamar kullum, ya ce ko ba a saya ba ya ga yadda ake sayar da rago ga mutumin da ba ya nan. Da hantsi mota ta ja baya ta manne da gangare. Na farko a layi wani tsohon Bafillace ne daga wajen Tagriss, Ja'e, riƙe da wani balami fari mai baƙin kai. Mainassara ya ɗaga waya, ga fuskar Taufiq a ciki. Aka zagaya ragon da ita, aka buɗe bakinsa aka nuna haƙora, aka daddanna gadon baya. Taufiq ya taya, Ja'e ya ce albarka, Taufiq ya ƙara, aka yi ta ja har tsoho ya ce ya sallama. Mutane suka yi kabbara.

“To Baffa, kwance shi, tura shi shinge,” in ji Mainassara.

Ja'e bai motsa ba. “Ina igiyar mai saye?”

Mainassara, wanda a kasuwar nan ya yi rarrafe, wanda ya raba rigimar igiya ba adadi, shi ne ya zauna a Maraɗi aka tsara komai har da kalar lambar kunne, bai tuna ba. Su ma na Jibiya da Katsina 'ya'yan kasuwa ne, ba wanda ya tuna. Abin da mutum yake yi kullum da hannunsa, bakinsa ba ya kawo shi a taro.

“To bar shi shi tahi da taka, a biya ka kuɗinta.”

Ja'e ya dube shi kamar ya ce ya ba da saniyar gado. Makiyayan da ke bayansa kowa ya ƙara naɗe igiyarsa a hannu.

Daga cikin waya Taufiq ya ce, “Ai ga lamba nan a kunnensa, Baba. Ita ce shaida.”

“Lamba ta gwamnati ce,” in ji Ja'e. “Ni ba gwamnati na saida ma ba.”

Wani ya ce Mainassara ya sa tasa igiyar. Ja'e ya ce ya yarda, in dai Sarki ya amsa cewa shi ne mai saye, ragon ya mutu a hanya nasa ne. Sarki ya ce a'a, bai faɗi haka ba. Direba ya danna oda, raguna suka firgita, rana ta ƙara hawa. Jimrau yana gefe ya miƙa wuya, ya ma manta da damuwarsa, so kawai yake ya ga inda abin zai tsaya.

Sai aka ji tari a cikin wayar, dogo, sannan wata murya da ta sha wuya. “Taufiq, ba ni nan. Sarki, Jimrau na kusa?”

Aka turo shi gaba. Bai taɓa magana da fuska a waya ba, sai ya durƙusa mata.

“Don-mi, kana da igiya?”

“Elhaji, har ƙarƙashin gado.”

“To na saya. Ka sa mini ita da hannunka. Hannunka hannuna ne, kowa shi shaida.”

Jimrau ya zaro guda, ya zura a wuyan balamin, ya ƙulla. Ja'e ya duba ƙullin, ya kwance tasa, ya naɗe ya sa a aljihu, ya ce Allah ya sa albarka. Sauran fataken da ke jira a wayoyinsu suka ce su ma haka. Kafin azahar dami ya ƙare, sai da aka aika gida Dela ta fito da na ƙarƙashin gado, tana tafe tana cewa ashe dai haukan nan yana da rana.

Haka aka ci gaba har damina ta kusa. Wata ran kasuwa direba ya ce Elhaji ya aiko, yana so Jimrau ya biyo mota ya zo su gaisa, dama ana bukatar mai tayar da ragon da ya faɗi a hanya. Mutumin da bai taɓa wuce Maraɗi ba! Dela ta ɗaure masa tukuɗi da cuku, ta cika masa gora, ta naɗe masa tabarma, ta ce kada ya sake ya ci abin da bai sani ba, kada kuma ya dami sojan mutane da tambaya.

Ya hau bayan mota cikin raguna, ya riƙe ƙarfe, bai zauna ba har iyaka. Ya ɗauka zai ga ƙasa ta sake launi. Ya ga dai gawo irin nasu, rumbuna irin nasu, mata suna surfe kamar yadda Dela take yi. 'Yan duwan, wato kwastan, suka duba takarda, suka leƙa kunnen rago biyu, suka ɗaga sanda. Ya tambayi direba, to daidai ina Nijar ta ƙare? Direba ya ce sun wuce wurin tun ɗazu, shi kuwa ya ji haushi da ba a nuna masa ba.

Ya tarar da Elhaji a zaure, jingine da matashi, ya rame har rigarsa ta yi masa yawa. Suka riƙe hannun juna suka daɗe ba su saki ba. Bayan an sha ruwa an tambayi mutan gida, Jimrau ya gyara zama.

“Elhaji, yau dai ga ni ga ka. Ina suka kwana?”

Elhaji ya yi murmushi. “Taufiq, buɗe mishi ɗakin baya.”

Taufiq, dogon saurayi mai ladabi, ya ja shi ta wani lungu ya tura ƙyaure. Ƙamshin tsohuwar kaba ya bugi Jimrau tun kafin idonsa ya saba da duhun. Igiyoyi ne, tun daga ƙasa har rufi, an naɗe su an jera a kan itace don gara. Ashe al'adar ba ta tsaya a iyaka ba. In Elhaji ya sayar wa mahautan Katsina ko fataken kudu, su ma da tasu igiyar suke zuwa, shi kuma ya dawo da tasa gida ya ajiye. Jimrau ya shiga yana shafawa. Ga masu kaurin nan na ƙuruciyarsa, lokacin yana tufka da ƙarfi ba dabara. Ga wasu sirara na shekarar da wuyan hannunsa ya yi ciwo. Ya gane su duka, ya ji daɗi har ƙwalla ta taru masa.

Daɗin bai daɗe ba, don kansa ba ya barin abu ya kwanta. In suna nan duka, kuma a da motar Elhaji wayam take zuwa Dakoro duk mako, me ya hana shi ɗebo su ya sake amfani da su? Bai taɓa bukatar sabuwa ba ke nan.

Taufiq ma a nan tunaninsa yake. Ya rusuna ya ce, “Baba Jimrau, don Allah in tambaye ka, kai ka san abinka. Waɗannan suna da sauran ƙarfi, ko sun mutu?”

Jimrau ya zaro guda daga can ƙasa, ya taka bakinta, ya ja da duk ƙarfinsa. Ko ƙara ba ta yi ba. Ya ja wata, haka. Da ya ce sun bushe, yaron zai yarda, ba mai ƙaryata shi a duk Jibiya. Ya tsaya da igiyar a hannu, yana jin haushin kyan aikinsa.

“Suna da ƙarhi,” ya ce. “Ko sa ka ɗaure da su, ba shi tsinkawa.”

Suka koma zaure. Taufiq ya yi wa mahaifinsa bayani a hankali: mota tana komawa da sauran wuri a kan buhunan dusa, in aka riƙa mayar da tsofaffin, an huta da sayen sababbi na shekaru. Jari ya yi ƙasa, kowa yana rage abin da zai iya ragewa. Ba ƙarya ya faɗa ba, Jimrau ma ya san haka.

Elhaji ya bari tarinsa ya lafa. “Kana ganin ban san hanyar ɗakin nan ba, shekara da shekaru? Mahaifina ya ce mini, in ka je garin mutane ka ɗauko arzikinsu, ka bar wani abu a ƙofarsu. In na tahi da igiyata da tuwona da ruwana, na kwaso ragunansu na juyo, mi Dakoro ta ci da ni? Ran da babu mai zama ƙofar kasuwar, kai wa za ka kira a waya?”

“Elhaji,” in ji Jimrau, “sadaka ce kenan kaka ba ni?”

“Sadaka a ɓoye aka ba da ta, ba a saɓa ta a kahwaɗa. Haƙƙin kasuwa ne. Kuma igiyarka ba ta taɓa kunyata ni ba.” Ya juya ga ɗansa. “In dai ina numfashi, sabuwa za a saya.”

Taufiq ya sunkuyar da kai ya ce to. Jimrau ya dubi ƙirjin tsohon yana hawa yana sauka da ƙyar, ya gane iyakar alkawarin, bai kuma ga laifin kowa ba.

Da la'asar aka gama loda dusa, direba ya ce a hau. Jimrau ya ɗauki ƙunshinsa, sai ya tsaya yana kallonsa. Tukuɗin Dela ya ci a hanya, ruwan Dakoro ya sha, tabarmarsa ya shimfiɗa ya yi salla. Ya ce wa direba ya ba shi 'yan nairori a madadin sefa, ya kuma jira shi kaɗan.

Bai sha wuyar nema ba, ya san inda irinsu suke zama. A bakin ƙofar kasuwar dabbobi, gindin wata tsamiya, ga wani mutum da dami a gabansa, ƙuda na bin fuskarsa, ba mai tsayawa. Jimrau ya durƙusa suka gaisa. Ya ɗauki igiya guda ya juya ta. Tufkar ta yi sako-sako, ƙullin bakin ma ba a ɓoye shi ba, da yaronsa ne ya yi da sai ya warware. Mutumin kuwa hannun Jimrau yake kallo, da kantar da kaba ta yi masa a tafi.

“Malam, ai kai ma mai tubka ne.”

“Awo.”

“To mi za ka yi da tawa?”

“Baƙo ne ni,” in ji Jimrau. “Ba ni biyu.”